Shiga soja kafin shekara 18 a Faransa: Uba ne zai sa hannu, ko uwa, ko mariƙi?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 18 ga Nuwamba, 2025, babban hafsan hafsoshin sojojin Faransa, Janar Fabien Mandon, ya tsaya a gaban taron magadan gari na ƙasar da aka yi a birnin Faris, inda ya faɗi maganar da ta tayar da ƙura. Abin da maganar tasa ta ƙunsa shi ne, idan har Faransa tana son kare kanta daga barazanar da ke tafe, to dole ta shirya wa rasa 'ya'yanta a fagen daga. Kwana tara bayan haka, Shugaba Emmanuel Macron ya je barikin Varces da ke kusa da Grenoble, kudu maso gabas da birnin Liyon, ya bayar da sanarwar sabon shirin bautar ƙasa na soja na wata 10, wanda aka tsara farawa a 2026 da matasa 3,000, galibinsu masu shekara 18 da 19, kuma na ganin dama ne ba na tilas ba.

Waɗannan maganganu biyu sun shiga gidajen Faransawa, sun kuma shiga gidajen 'yan uwanmu Hausawa da suka daɗe da zama a can, daga unguwannin Goutte d'Or da Saint-Denis a yankin Faris, zuwa Guillotière da Vénissieux da Villeurbanne a yankin Liyon. Da yawa daga cikin iyayen sun zo ne daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ko Kano ko zangon Kumasi, sun haifi 'ya'yansu a can, yaran sun yi makaranta a can, kuma a yau suna riƙe da takardar zama 'yan ƙasa. Sai dai abin da wasu iyayen ba su sani ba shi ne, tun kafin wannan sabon shiri, dokar Faransa ta buɗe wa yaro ƙofar sa kaki alhali bai cika shekara 18 ba. Mabuɗin ƙofar kuwa ɗaya ne tak: sa hannun wanda doka ta sani a matsayin waliyyinsa.

Abin da doka ta ce

Faransa ta dakatar da aikin soja na tilas ne da dokar 28 ga Oktoba, 1997, a zamanin Shugaba Jacques Chirac, kuma rukunin ƙarshe na waɗanda aka ɗauka ta wannan hanya sun koma gida a 2001. Daga nan rundunar ta koma ta masu kai kansu, wanda hakan ya sa a kullum take neman matasa. Abin da ya rage na tilas shi ne, duk ɗan ƙasa, namiji ko mace, ya je ofishin magajin gari a rubuta sunansa idan ya cika shekara 16, sannan ya halarci wani zama na yini guda da ake kira JDC, inda sojoji kan yi wa matasa bayanin tsaron ƙasa da guraben aikin da ke akwai. Sai da shaidar halartar wannan zama matashi kan iya rubuta jarrabawar bakaloriya ko ta lasisin tuƙi. Ke nan babu yaron da zai girma a Faransa da takardar ɗan ƙasa bai haɗu da mai tallar aikin soja ido da ido ba.

Sashe na L4132-1 na kundin dokokin tsaron ƙasar shi ne ya fayyace shekaru. Ya ce ba a ɗaukar mutum soja sai ya kai shekara 17, ko kuma 16 idan zai shiga makarantar soja ne domin samun ilimi da koyon sana'a. Sannan ya ƙara da cewa duk yaron da bai kai shekarun cin gashin kai ba, sai ya zo da amincewar waliyyinsa na shari'a. Shekarun cin gashin kai a Faransa 18 ne tun 1974, kafin nan 21 ne.

A aikace, rundunar sojan ƙasa kan karɓi kurata daga shekara 17 da rabi. Sojan ruwa suna da makarantar École des mousses a birnin Brest, wadda aka kafa a 1856, aka rufe a 1988, aka sake buɗewa a 2009, kuma 'yan shekara 16 da 17 take ɗauka. Sojan sama suna da tasu makarantar koyon aikin injinan jirage a garin Saintes, sojan ƙasa kuma suna da irinta a Bourges. A garin Bron da ke jikin Liyon akwai makarantar da ke horar da likitocin soja, wadda yaro mai ƙoƙari da ya gama sakandare da wuri kan iya cin jarrabawar shigarta bai cika 18 ba, kuma daga ranar da ya shiga ya zama soja. Duk waɗannan hanyoyi kan fara ne daga ofisoshin ɗaukar sojoji da ake kira CIRFA, waɗanda ake da su a Faris da Liyon da sauran manyan garuruwa.

Uba kaɗai bai isa ba

A al'adarmu, idan aka ce maganar makomar yaro ce, uba ake kallo, idan babu shi a kalli baffa. Dokar Faransa ba haka take ba. Tun a 1970 aka soke abin da ake kira ikon uba, aka maye gurbinsa da ikon iyaye, sannan dokar 4 ga Maris, 2002, ta ƙara jaddada cewa uwa da uba daidai suke wajen wannan iko, ko suna tare ko aure ya mutu. Rabuwar aure ba ta cire wa ɗayansu haƙƙinsa, sai dai idan alƙali ne ya yanke haka.

Dokar ta raba lamuran yaro gida biyu. Akwai na yau da kullum, kamar sa hannu a takardar uzurin fashin makaranta, wanda ɗaya daga cikin iyaye kan yi a ɗauka da yardar ɗayan. Akwai kuma manyan lamura da ke shafar makomar yaro, waɗanda sai su biyun sun yarda. Shiga soja kuwa ba ƙaramin lamari ba ne. Idan uba ya ce e, uwa ta ce a'a, ba dattawan unguwa ko limamin masallaci ne ke da ta cewa a idon hukuma ba, alƙalin lamuran iyali ne, wanda a Faris yake zama a babbar kotun da ke Porte de Clichy, a Liyon kuma a kotun da ke unguwar Part-Dieu. Shi kuma abin da zai duba shi ne maslahar yaron, ba wanda ya fi wani murya a gida ba.

Wannan batu ya fi ciwo a gidajen da aure ya mutu. A ɗauka cewa uwa ce ta riƙe yaro a Vénissieux shekara goma, uban ya koma Maraɗi ya yi wani aure, ba aike ba waya. Ranar da yaron ya kawo takardar shiga soja, za ta iya tarar da cewa a idon doka har yanzu mutumin nan yana da rabin iko, muddin ba ta taɓa zuwa kotu an ba ta ikon ita kaɗai ba. Haka nan uban da ke ganin shi ne mai gida, zai iya shan mamaki idan aka ce masa sa hannunsa bai wadatar ba sai da na matar da ya saka.

Matsalar ɗan riƙo

Masu iya magana kan ce ɗa na kowa ne, kuma riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mutum kan ɗauki ɗan wansa ko ɗan ƙanwarsa ya riƙe tun yana yaye har ya aurar da shi, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Wannan al'ada ta bi mutanenmu har Turai. Akwai yaran da aka haifa a Faransa, iyayensu suka koma gida, aka bar su a hannun kawu ko gwaggo domin su ƙarasa karatu. Akwai kuma waɗanda aka ɗauko daga gida tun suna ƙanana.

A idon dokar Faransa, ciyarwa da tufatarwa ba sa mayar da mutum waliyyi. Baffan da ya yi shekara goma sha biyar yana biyan kuɗin abincin makaranta ba shi da ikon sa hannu a takardar shiga soja, sai idan alƙalin lamuran iyali ya yanke hukuncin miƙa masa ikon iyaye, kamar yadda sashe na 377 na kundin dokokin farar hula ya tanada. Wasiƙar da uba ya rubuto daga gida, ko da da hatimin mai unguwa a kanta, ba ta tsayawa a madadin hukuncin kotu. Idan kuma yaron maraya ne, kotu ce kan kafa majalisar dangi ta naɗa masa waliyyi. Idan babu kowa a dangi, sai riƙon ya koma hannun hukumar kula da yara ta ASE, wadda a Faris take ƙarƙashin hukumar birni, a Liyon kuma ƙarƙashin babbar hukumar birnin da kewaye tun ranar 1 ga Janairu, 2015. Ma'ana, yaron da danginsa suka yi sakaci da takardu, ma'aikacin gwamnati ne da bai san sunan kakansa ba zai iya zama mai yanke masa wannan shawara.

Akwai wata ƙofa kuma da ya kamata iyaye su sani. Daga shekara 16, alƙali na iya 'yantar da yaro daga ikon iyaye, idan iyayen biyu ko ɗayansu ya nema kuma akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Yaron da aka yi wa haka ba ya buƙatar sa hannun kowa kafin ya shiga soja.

Kwaɗayin takarda

Rundunar Faransa ta 'yan ƙasa ce kawai, in ban da rundunar baƙi ta Légion étrangère, wadda Sarki Louis-Philippe ya kafa a 1831, mai hedikwata a Aubagne kusa da Marseille. Tana da wurin karɓar masu nema a Fort de Nogent da ke gefen Faris, tana da wani a Liyon. Ita ma idan mai nema bai cika 18 ba, sai ya kawo amincewar waliyyinsa. Kwantiragin farko a wannan runduna shekara biyar ne, kuma bayan wasu shekaru na aiki soja na iya neman zama ɗan ƙasa. Wata doka ta Disamba 1999 ma ta bai wa sojan wannan runduna da aka ji wa rauni a bakin daga damar samun takardar ta dalilin jininsa da ya zuba.

A nan ne haɗarin yake ga baƙi. Yaron da ke zaune cikin fargabar me zai faru da shi ranar da ya cika 18, yana iya ganin kaki a matsayin gajeriyar hanyar samun takarda, wani lokaci ma manya ne ke zuga shi. Amma sau da yawa akwai wata hanyar da ba ta bi ta bariki ba. Yaron da aka haifa a Faransa, iyayensa baƙi, yakan zama ɗan ƙasa kai tsaye idan ya cika 18, muddin yana zaune a ƙasar kuma ya yi shekara biyar a cikinta tun daga shekararsa ta 11. Yana iya nema da kansa tun yana 16, iyayensa kuma na iya nema masa tun yana 13. Haka yaron da ya yi shekara uku a hannun hukumar ASE, ko a hannun ɗan ƙasa bisa hukuncin kotu, yana da damar nema kafin ya cika 18. Don haka kafin a sa wa yaro hannu saboda takarda, sai a fara tambayar lauya ko ƙungiyoyin da ke taimaka wa baƙi, ko dama takardar tana hannunsa bai sani ba.

Me ake sa wa hannu?

Ba a nan ake cewa aikin soja mugun abu ne ba. Ga matashin da ya taso a unguwar da aiki ke wuyar samu, soja na ba shi albashi da wurin kwana da sana'a da tarbiyya, kuma da yawa sun gyaru ta wannan hanya. Hatta 'yan kwana-kwanan birnin Faris da kowa ke yabo, sojoji ne tun 1811. Sai dai kwantiragin soja ba irin na kanti ba ne da za a ajiye a tafi. Akwai wata shida na gwaji a farko, wanda a cikinsu kurtu na iya cewa ya fasa. Bayan sun wuce, fita sai da yardar hukuma, wanda ya gudu kuwa, ko a lokacin zaman lafiya, yana iya fuskantar ɗaurin shekara uku.

Gaskiya ne Faransa ba ta tura wanda bai cika 18 ba zuwa fagen daga. Amma yaron da ya sa hannu yana 17 da rabi, kafin ya gama horo ya cika, kwantiragin kuma yana nan daram. Tsakanin 2013 da 2022, a hare-haren Serval da Barkhane, sojojin Faransa 58 ne suka mutu a yankin Sahel. Ga iyalin da asalinsu Nijar ne, akwai wani nauyi na daban: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami har sojojin Faransa suka fice daga Nijar a watan Disamba na shekarar. Yaron da ya sa kakin Faransa ya kamata ya san cewa zuwa gaida kakarsa a Damagaram ba lallai ya zame masa da sauƙi kamar da ba.

Tarihi bai manta ba

Tarihin Faransa cike yake da yaran da suka ƙara wa kansu shekaru domin su je yaƙi. Désiré Bianco yana da shekara 13 aka kashe shi a Gallipoli a 1915. Lazare Ponticelli, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage cikin sojojin Faransa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗan ci-rani ne daga Italiya da ya shiga rundunar baƙi a 1914 yana da shekara 16, ya rasu a 2008 yana da 110.

Mu ma muna da namu kason. A garin Chasselay da ke arewa da Liyon akwai wata maƙabarta mai jan gini irin na ƙasar Sudan ta da, inda aka binne sojojin Afirka 188 da sojojin Jamus suka kashe a yankin a watan Yunin 1940, da yawansu bayan sun ajiye makamai. Waɗannan bayin Allah an ɗebo su ne daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, a zamanin da ake ɗora wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, ba takardar haihuwa, likita ne kan dubi jikin yaro ya ƙiyasta shekarunsa. Ba a tambayi iyayensu ba. An kuma buɗe makarantun yaran soja a Kati ta ƙasar Mali da Saint-Louis ta Senegal, inda irin su Seyni Kountché suka yi karatu. Wanda ya san wannan tarihi zai gane cewa sa hannun da doka ke nema a yau ba wahalarwa ba ce, haƙƙi ne da kakanninmu ba su samu ba.

Yadda abin yake a gida da sauran duniya

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 25 ga Mayu, 2000, kan yara da yaƙi ta hana tilasta wa wanda bai kai 18 ba shiga soja, amma ta bar wa ƙasashe damar karɓar mai kai kansa daga shekara 16, bisa sharaɗin iyaye ko waliyyai sun amince bayan an yi musu cikakken bayani. Faransa ta amince da ita a 2003, ta tsaya a kan 17. Amurka da Jamus ma 17 ne, Birtaniya kuwa 16, kuma a 2007 gwamnatinta ta amsa cewa an tura sojoji 15 'yan shekara 17 zuwa Iraƙi tsakanin 2003 da 2005. Wani abin lura shi ne, a birnin Faris ɗin ne, a Fabrairun 2007, Faransa da hukumar UNICEF suka tara ƙasashen duniya aka fitar da ƙa'idojin kare yara daga shiga rundunonin yaƙi. Masu fafutukar haƙƙin yara sun daɗe suna cewa ya kamata mai masaukin ta fara da kanta, ta mayar da shekarun 18 cif.

Afirka ta riga ta yi haka a rubuce. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta nahiyar ta 1990 ta hana ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba. Najeriya da Nijar sun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2012, dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ita ma ta haramta ɗaukar yaro soja, duk da cewa makarantar soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, tana karɓar yara a matsayin ɗalibai. Har ila yau, duk wanda ya taɓa cike takardar neman shiga soja a Najeriya ya san akwai shafin da uba ko mariƙi kan sa hannu, ko da mai neman ya wuce 18.

Addini ma bai bar wannan batu ba. Ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar ya kawo kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi, sai a yaƙin Handaƙu yana da 15 aka karɓe shi. Littafin Risala da almajiran ƙasar Hausa ke karantawa ya nuna cewa ba a fita yaƙi sai da izinin iyaye biyu, in ba abokan gaba ne suka auka wa gari ba. A lura, iyaye biyu aka ce. Ashe a wannan gaɓa, dokar Faransa ta fi kusa da fiƙihunmu fiye da al'adar da ke ture uwa gefe.

Shawara ga iyaye

Abin da ya rage shi ne kowane gida ya gyara takardunsa tun kafin rana ta ɓaci. Wanda ke riƙe da ɗan wani ya je kotu a tabbatar masa da riƙon, matar da aka bar wa yara ita kaɗai ta nemi hukuncin da zai ba ta cikakken iko. Idan yaro ya kawo takardar shiga soja, a raka shi ofishin, a nemi a karanta kwantiragin layi-layi, a tambayi tsawon shekarunsa, da sharuɗɗan fita, da abin da za a biya idan ya bar makarantar soja bai gama ba. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya tafi da wanda ya iya. A kuma saurari uwa, domin ita ce za ta kwana ba barci duk ranar da aka ce an tura rundunarsu wani wuri.

Idan kuwa zuciya ba ta kwanta ba, babu laifi a ce wa yaro ya dakata. Tsakanin 17 da rabi da 18 wata shida ne kacal, kuma bariki ba ya gudu. Idan ya cika 18 yana nan a kan bakansa, sai ya sa hannu da kansa a matsayin babba, iyaye su bi shi da addu'a. Idan kuma zafin ƙuruciya ne ko zugar abokai, wata shidan sun isa su nuna. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana.